Fatar ido na saukowa da la'asar: zaure ya ɗau zafi kan ciwon matar tela

Tela na Sabon Gari: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema kan maiɗakina. Wata 4 ke nan da haihuwarta. Bayan suna da kamar sati uku fatar idonta na dama ta fara saukowa. Abin da ya ɗaure min kai, da safe garau take tashi, ido biyu tar. Kafin la'asar ɗaya ya rufe rabi, da magariba sai ta ɗaga haɓa sama sannan ta ga mutum. Wani lokaci ta ce tana ganina biyu. Yanzu ya kai ga abinci: loma biyar ko shida na tuwo sai muƙamuƙi ya gaji, ta ajiye ta huta. Jiya tana taje kai hannun ya sauko da kansa. Babu inda ke mata zafi, an auna tansiyo lafiya lau. Tsohuwata ta ce wankan jego ne bai yi kyau ba, danginta sun ce iska ce. Ku taimaka.

Inna ta Mokoyo: Allah shi sawwaƙe, ɗana. Ɗiyan yanzu ba su son ruwan zahi. Mu da munka haihi tara, kwana arba'in wanka sahe da marece, ga kunun kanwa, ba mu taɓa ganin wanga abu ba. A maida ta ga wanka sati biyu ka gani.

Alhaji mai wake: Ciwon da ke barin mutum da safe ya dawo daidai lokacin girkin dare? Tela, bincika da kyau, ko mai taya ta aiki take so a kawo mata.

Uwar biyu daga Yamai: Alhaji, da girmanka. Wannan barkwancin shi aka yi mini shekara uku ina kuka a ɗaki. Zan yi magana in na sauka aiki.

Baba Majo mai ritaya: Tela, amsa mini huɗu. In ta kwanta ta rufe ido kamar rabin awa, idon na buɗewa? Muryarta na sauyawa in ta daɗe tana magana? Tana ƙwarewa da ruwa, ko ya fito ta hanci? Kwanan nan an yi mata wata allura ko ƙarin ruwa?

Tela na Sabon Gari: Baba Majo kamar kana gidan. In ta yi barcin rana idon ya buɗe, sai ya sake saukowa. In tana waya da yayarta, farko lafiya, can sai maganar ta koma ta hanci. Ta ƙware sau biyu a satin nan. Sati biyu da suka wuce ta yi masassara aka sa mata kinin, a daren ne ta fi jin jiki, ko kanta ba ta iya ɗagawa daga matashi.

Baba Majo mai ritaya: To. Ba a gane ciwo ta waya, kada ka ce Majo ya yanke hukunci. Amma waɗannan alamu tare suna kama da abin da ake kira miyasteniya. A shekarun da na yi ina aikin jinya ban ga fiye da ƴan kaɗan ba, sai dai wanda ya gan shi sau ɗaya ba ya mantawa. Ƙwarewar nan ita ta fi damuna, ba idon ba. Gobe ka kai ta babbar likita, ka ce kana son a haɗa ku da lokotoron jijiya. Inna, ki yi haƙuri, wankan ruwan zafi a dakata: zafi na ƙara wa mai wannan ciwo kasala.

Inna ta Mokoyo: Majo, kai kullum abin gargajiya shi ad da laihi.

Ɗan kabu-kabu: Ni ban gane ba. In jijiya ce ai da an ga ta kumbura. Kawuna na da ciwon jijiya a ƙafa, ana ganinta murɗe-murɗe.

Mushe mai koyar da kimiyyar halittu: Nan ne Hausa ke rikita mu a aji kowace shekara. Wadda ake ɗibar jini a cikinta jijiya muke cewa, wadda ke ɗaure nama da ƙashi a agara jijiya, wadda ke kai saƙo ita ma jijiya. Ta kawunka ta jini ce. Wadda Baba Majo ke nufi fara ce kamar zare, daga laka take fitowa ta nufi tsoka.

Bari in zana muku. In ka yi niyyar taka birki, umarni na tashi daga ƙwaƙwalwa, ya gangara laka, ya bi wannan zare a matsayin lantarki, da gudun da kan kai mita 100 a daƙiƙa ɗaya. Amma zaren bai taɓa tsokar ba. Akwai rata tsakaninsu, siririya ƙwarai, ta fi silin gashi ƙanƙanta sau sama da 1000. Ku ɗauka gulbin Maradi ne da damina ta yi kyau: hanya ta zo ta tsaya a gaɓa, mai saƙo ba ya iya ƙetarewa da ƙafa, sai ya miƙa wa masu fito. Masu fiton nan wani sinadari ne, sunansa asetilkolin, yana ajiye cikin ƴan jakunkuna a bakin jijiya. Lantarki na isowa, kalsiyom ya shiga, jakunkunan su fashe, sinadarin ya haye. A ɗaya gaɓar akwai mashigai da aka gina don shi kaɗai. Da ya sauka a kansu sai ƙofofi su buɗe, sodiyom ya kwarara cikin tsoka, sabon lantarki ya tashi, tsoka ta ɗame. Nan take wani mai shara, asetilkolinesteraz, ya farfasa sinadarin don wuri ya zama fes kafin saƙo na gaba.

Wanda ya fara nuna cewa da sinadari jijiya ke magana shi ne Otto Loewi a 1921, da zuciyar kwaɗi guda biyu. Shi da Henry Dale na Ingila suka raba kyautar Nobel a 1936.

Mai kula da zaure: Mushe, mun gode, amma a bar kwaɗin su huta. Matar mutum ba ta da lafiya.

Ɗalibar likitanci a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: Mushe, ka bar ni in ɗora a inda ka tsaya, ni ɗalibarka ce tun koleji. A miyasteniya jijiya lafiyarta lau, tsoka ma haka. Garkuwar jikin mutum ce ke kuskure, ta ƙera makaman da ke tarewa da rushe mashigan nan. A cikin masu ciwon da ya game jiki, kusan 85 cikin 100 ana samun waɗannan makamai a jininsu.

Ga amsar barkwancin Alhaji kuma. A jikin mai lafiya, asetilkolin da ke hayewa ya fi wanda ake bukata nesa ba kusa ba, kuma mashigai sun wadata. In ana maimaita motsi, abin da jijiya ke saki na raguwa kaɗan-kaɗan, amma rarar na rufewa, ba a ji. Wanda mashigansa suka ragu ba shi da rara. Saƙo na farko da na biyu su wuce, na goma ya maƙale. In ya huta jakunkuna suka cika, ƙarfi ya dawo. Fatar ido kuwa tun asuba take aiki ba hutu, shi ya sa da ita ake yawan farawa. Ciwon ya fi kama mata ƴan ƙasa da shekara 40 da maza masu manyan shekaru, kuma watannin bayan haihuwa lokaci ne da yakan taso.

Alhaji mai wake: Na janye, ɗiyata. Tela ka yafe ni.

Ɗan kabu-kabu: To ba shan inna ba ne na manya?

Ɗalibar likitanci: A'a Yaya. Shan inna ƙwayar cuta ce ke kashe tushen jijiyar a cikin laka, ƙafa ta shanye ta rame, ba ta dawowa don an yi barci. Shanyewar ɓarin jiki kuma a ƙwaƙwalwa take, farat ɗaya take zuwa. Wannan yana zuwa yana tafiya cikin wuni guda, kuma mai shi na jin taɓi da zafi da sanyi daidai.

Wani daga Tibiri: Ku yi ta turancinku. Ciwon da ke jiran faɗuwar rana, kowa ya san na su wane ne. Mace mai jego ta fita da magariba, ko ta zuba ruwan zafi ba bisimilla. Mun ga irinsa an yi girka an warke.

Malamin allo na Bagalam: Bawan Allah, girka ba hanyar musulmi ba ce, wannan ɗaya. Na biyu, ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ruƙiyya da Alƙur'ani ba ta hana zuwa likita, likita ba ta hana ruƙiyya. Tela, ka yi mata addu'a, ka tofa mata, gobe ka ɗauke ta kamar yadda Majo ya ce. In kana so in rubuta mata, aiko yaro.

Baba Majo mai ritaya: Allah gafarta Malam, addu'a muna so. Roƙona ɗaya: duk abin sha, rubutu ne ko jiƙo ko kunu, kada a ɗura mata, kada a ba ta tana kwance, kada a ba ta da dare lokacin da maƙogwaro ya gaji. Mai ƙwarewa ruwa na iya bi ta hanyar iska ya sauka huhu. Turaren hayaƙi a ɗaki rufe shi ma a bari.

Malamin allo na Bagalam: Na karɓa. A shafa mata a jiki ya wadatar.

Wani daga Tibiri: In an warke da girka fa, me za ku ce?

Ɗalibar likitanci: Baba, ciwon da kansa yakan lafa na makonni ko watanni sannan ya dawo. Duk abin da aka yi dab da lafawar shi ke cin yabo.

Wani daga Tibiri: Yarinya, karatu bai kai shekaru ba. Na bar ku.

Uwar biyu daga Yamai: Na dawo. Tela, ka karanta wa matarka wannan. Shekara 6 ina tare da ciwon nan. Uku na farko yawo ne: an ce ragwanci, an ce kishi, an ce sammu, an sayar min da tabarau har biyu. Mijina bai yarda ba sai ranar da shinkafa ta tsaya min a wuya a gaban baƙi. Da aka gano shi aka ɗora ni kan Mestinon, ƙwaya mai miligiram 60. Kamar rabin awa bayan na sha sai in ji fuskata ta dawo tawa, ya yi awa uku zuwa huɗu ya sake ni. Don haka nake shansa kafin abinci, kuma aikin ƙarfi duk da safe nake yi. Yana murɗa ciki, yana sa yawu da gudawa in ya yi yawa. Shi ba ya kashe ciwon, tallafi ne kawai. Wanda ke danne garkuwar jikin daban ne, ni kortizon aka ba ni, ya kumbura min fuska kafin a rage. An yi min sikana ta ƙirji saboda wani ƙullutu da ke bayan ƙashin ƙirji, timus, don wasu masu ciwon a nan ƙari ke fito musu sai an yi aiki. Nawa ba a ga ƙari ba.

Abin da ya fi komai: ina da takarda a jakata da lokotoro ya rubuta sunayen magungunan da ke tayar min da ciwo. Kinin yana cikinsu, da kulorokin, da jantamisin, da sipro. Duk inda za a yi min allura sai na nuna. Na haifi ƙaramar ɗiyata da ciwon, an gaya wa ungozomomi kada a sa min sulfat na magnesiyom da ake ba masu jijjiga. Bazara ita ce maƙiyiyata, Afirilu da Mayu a ɗaki nake yini. Amma ina aikina, ina tuƙa babur ɗina.

Tela na Sabon Gari: Hajiya, Allah ya biya ki. Tana kuka ina karanta mata. Ta ce in tambaya, jaririn zai ɗauka ta nono?

Ɗalibar likitanci: Ba ya yaɗuwa kamar mura, Kawu. Wasu jarirai, kamar 1 ko 2 cikin 10 na iyaye mata masu ciwon, ana haifarsu da kasalar tsotso saboda makaman uwa da suka ratsa ta mabiyiya, ta wuce cikin makonni. Naku ya kai wata 4, ya wuce wannan. Batun shayarwa tare da magani kuma a tambayi wanda zai rubuta maganin.

Alhaji mai wake: Shi Mestinon ɗin me yake yi a gaɓar gulbin Mushe?

Mushe: Mai shara yake riƙe wa hannu na ɗan lokaci, sinadarin ya daɗe a wurin har ya samu mashigan da suka rage. Kuma Alhaji, asalinsa daga wake ne. Akwai wani wake mai dafi a Kalaba ta Najeriya, da shi ake rantsar da wanda ake zargi da maita a da. Daga cikinsa aka fitar da maganin fisostigmin, kakan Mestinon. A 1934 wata likita a Landan, Mary Walker, ta lura ciwon na kama da gubar kurare da mafarautan Kudancin Amurka ke shafa wa kibiya, sai ta gwada makarin gubar, wato fisostigmin ɗin, a kan maras lafiya, ƙarfi ya dawo na ɗan lokaci. Kada a rikita kurare da dafin kibiyar mafarautanmu na kwankwani, shi zuciya yake kamawa. Piya-piyar da kuke zuba wa wake ita ma mai sharar nan take kamawa.

Alhaji mai wake: Ikon Allah. Ke nan in magani ya yanke, ɗigon piya-piya cikin ruwa zai iya tsayawa a madadinsa? Tambaya ce kawai.

Baba Majo mai ritaya: Alhaji, goge wannan tambayar kafin wani ya karanta rabi. A'a. Maganin na riƙe mai shara ya sake shi bayan awoyi, da awo. Piya-piya, wato dikulorbos da danginsa, maƙale masa take yi ba ta saki, a duk jiki har ƙwaƙwalwa. Sinadari ya taru ya yi ambaliya: yawu na dalala, gumi, amai, zawo, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, nama na rawa, huhu ya cika da majina, daga nan tsokar numfashi ta tsaya. Na ga manoma da yara da yawa a haka, fiye da masu miyasteniya nesa.

Alhaji mai wake: Wallahi ka tuna min. Bara yaron shagona ya fesa wa sito ƙofa rufe, ba riga. Muka tarar da shi yana kumfa. Madara da manja muka ba shi kafin a kai shi.

Baba Majo mai ritaya: Allah ne ya tsare, ba madara ba. Abin yi: a fitar da shi iska, a tuɓe kayan da suka jiƙe, a wanke jiki da ruwa da sabulu, kada a sa shi amai, a kwantar da shi ta gefe, a ruga likita da kwalbar a hannu. Atropin ake yi masa, wani lokaci da yawa, har ƙirji ya bushe.

Mushe: Kuma akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007, masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na nan Maradi sun yi aiki a kansa. In an ɗaure da kyau iska ta ƙare, ƙwarin wake su mutu ba magani.

Alhaji mai wake: Mushe, kai buhu biyu kake ajiyewa na ci. Mai buhu ɗari biyar ya lissafa kuɗin leda, sannan ɓera ya huda guda ka dawo gidan jiya. Kuma mai saye ba ya ƙara maka dala don ba ka sa magani ba.

Uwar biyu daga Yamai: To mu da ke ci fa, Alhaji?

Alhaji mai wake: Ana shanyawa kafin a fitar.

Mai kula da zaure: Rigimar wake a buɗe mata wata rana. A koma kan Tela.

Manomi daga Madarunfa: Gafara dai, abu ɗaya. Wanda gamsheƙa ta sara a garinmu shi ma ido ne ya hwara rufewa, kamar mai gyangyaɗi. Da alaƙa?

Ɗalibar likitanci: Akwai, Baba. Dafin wasu daga dangin gamsheƙa zama yake yi a kan mashigan, sinadari ya zo ya tarar wuri a cike. Ido ya sauko, haɗiya ta gagara, numfashi ya biyo. Wanda aka sara ya fara lumshe ido ba barci ba ne, gaggawa ce, sai makarin dafi da taimakon numfashi. Kububuwa ita jini take hana daskarewa, hanyarta daban.

Inna ta Mokoyo: Tunda an hana wanka, a ba ta zuma da habbatus sauda, a lasa ma jinjirin shi ma shi yi ƙarhi.

Baba Majo mai ritaya: Uwar ta sha in tana iya haɗiya. Jinjiri kada a ba shi zuma sai ya cika shekara. Zuma kan ɗauko irin wata ƙwayar cuta da ke tsira a hanjin jariri, ta saki gubar botilizim. Ita jakunkunan sinadarin take hana buɗewa tun daga gaɓar jijiya, yaro ya yi laƙwas, ya kasa tsotso, kuka ya yi rauni. Gwangwanin da ya kumbura shi ma ita ake gudu a cikinsa.

Inna ta Mokoyo: Zumar da Alƙur'ani ya ce waraka ce? Malam, kana ji?

Malamin allo na Bagalam: Waraka ce, Inna, ba shakka. Amma jinjiri ko tuwo ba a ba shi, ba don tuwo haram ne ba.

Inna ta Mokoyo: Ni dai na lasa ma jikokina duka, ga su nan suna gudu.

Baba Majo mai ritaya: Tela, kafin gobe. In akwai ƙanƙara, naɗe ta a ƙyalle ka ɗora kan idon da ya sauko minti 2, ka ɗauki hoto kafin da bayan. In ya buɗe, nuna wa lokotoro. Ka ɗauki hotonta na safe da na magariba ma, don da safe za ku je, za a iya ganinta garau a sallame ku. Amma in yau da dare ta kasa kwanciya rigingine don numfashi, ko yawu ya gagara haɗiya, ko ta ja numfashi ɗaya ta kasa ƙirga 1 zuwa 20, kada ka jira gari ya waye.

Ɗalibar likitanci: Baba Majo, gwajin ƙanƙara ba hujja ce cikakkiya ba fa. Sai an yi gwajin jini ko na lantarkin tsoka.

Baba Majo mai ritaya: Na sani, ɗiyata. Ki gaya min inda tela zai samu gwajin jinin nan da daren nan, ƙanƙara kuwa tana shagon maƙwabcinsa.

*Bayan kwana 9*

Tela na Sabon Gari: Jama'a, ga labari. Ƙanƙara ta buɗe idon, bayan ƴan mintoci ya koma. Mun je, hotunan sun yi amfani don da safen kamar ba ita ba. Lokotoro ya sa ta kalli sama ba ƙiftawa, muna kallo fatar ta sauko. An kwantar da ita kwana 3, an fara mata magani, an rubuta sikana ta ƙirji ranar Litinin. Jiya ta cinye tuwonta har da nama. Tsohuwa ta ce rubutun Malam ne, ban yi musu ba. Matsalar yanzu, farmasi huɗu na zaga, guda ce ke da maganin, kwali ɗaya ya rage, na sati biyu. Akwai mai tasowa daga Yamai ko Kano kafin ƙarshen wata?

Uwar biyu daga Yamai: Turo min hoton takardar maganin ta akwati. Ƙanena na tasowa ranar Alhamis da motar asuba, zan ba shi kwali biyu. Ka ce da ita ta sa a rubuta mata takardar magungunan da za ta guda, ta ajiye cikin jaka ɗaya da katin awon jinjiri.